Neman Wutsiyar Guntu a Birnin Faris

A zauren gidanmu, can ƙasar Haɗeja, akwai wata tsohuwar gafaka da ke rataye a bango tun ban san damana da haguna ba. Cikinta akwai wani ɗan littafin wa'azi na Larabci, wallafar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, rubutun hannu, warƙa 31. Mutanen gida ba su kiransa da sunan da mai shi ya raɗa masa, sai su ce Guntu, domin ba shi da wutsiya. In an bi karatu har aka kai warƙar ƙarshe, sai a tarar magana ta yanke a tsakiya, kamar mutum ya buɗe baki zai faɗi wani abu aka kira shi waje, bai kuwa komo ba.

Baffana shi ke riƙe da wannan gafaka. Ya ba shekara tamanin baya, idanunsa kuwa sun yi rauni har ba ya rarrabe baƙi da wasali. Ba ƙarshen wa'azin ne ya dame shi ba, don akwai shi a wajen waɗansu malamai, shi kansa ma ya san shi da ka. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne warƙar rufewa, inda mai kwafe littafi kan rubuta sunansa da na ubansa, ya roƙi mai karatu addu'a. A gidanmu an gāji magana cewa kakan Baffa ne ya kwafe Guntu da hannunsa a birnin Segu, yana saurayi, sauran warƙoƙin kuwa can aka baro su ranar gudu. Babu shaida sai faɗar tsofaffi. Baffa kuwa yana so ya tabbata tun bai koma ga Allah ba.

Watakila wani mai karatu ya ce, me ya haɗa mutumin Haɗeja da Segu, wadda ke bakin Kwara can cikin ƙasar Mali? To, bari in ɗan koma baya kaɗan.

Alhaji Umaru, mutumin Futa Toro, da ya komo daga aikin Hajji ya biyo ta Barno, ya sauka Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya yi shekaru nan, har Bello ya ba shi 'yarsa aure. Bayan rasuwar Bello cikin 1837 ya tashi ya nufi yamma, da almajirai da littattafai masu yawa, cikinsu har da na Shehu Usmanu da na Malam Abdullahi da na Bello kansa. Ya ci Segu da yaƙi cikin 1861, ya naɗa ɗansa Ahmadu a kanta, shi kuwa ya rasu cikin 1864. Ran 6 ga Afrilu 1890 rundunar Faransa ƙarƙashin Kanar Arshinar ta shiga Segu. Suka kwashe abin da suka tarar a fada, da zinariya da makamai da littattafai, aka yi Faris da su. Littattafan nan aka miƙa su ga babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa cikin 1892. Shi kuwa Ahmadu Faransai suka yi ta kora tasa, daga Nyoro zuwa Bandiyagara, har cikin 1893 ya fuskanci gabas da jama'arsa. Ya iso ƙasar Sakkwato, inda aka haife shi, nan kuma ya cika cikin 1897. Mutanensa waɗansu suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi cikin 1903, waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana waɗansunsu suka zauna ƙasar Haɗeja. Mu jikokinsu ne. Fulatancin Futa ya tsere mana, Hausa mu ke ji, sai dai gafaka da labari.

Ni malamin makaranta ne, ba mai tafiye-tafiye ba. Amma cikin 2023 Allah ya nufe ni da samun zuwa Faransa karatu na wata uku. Da na je yi wa Baffa sallama, ya kama hannuna bai saki ba, ya ce, “Ɗana, an ce littattafan Segu suna can. Ka duba mini wutsiyar Guntu.” Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ai an ce kundi ya haura 500.” Ya ce, “Ai ba duka na ce ka karanta ba. Kalma ɗaya za ka nema.”

Gaskiyarsa kuwa. Littattafanmu na dā ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne sake, a jera su, a danne da tadarishi sama da ƙasa, a ɗaure da tsirkiyar fata a sa gafaka. Saboda haka malami ya kan iya raba littafi guda ga almajirai biyar, kowa ya tafi da 'yan warƙoƙinsa ya biya, ya komo da su. Don kada su rikice, marubuci ya kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a can ƙasan bayan warƙar da ya gama, ita kaɗai a kusurwa, kamar mai tsayuwa bakin ƙofa yana jiran ɗan'uwansa. Kalmar da ke jira a warƙar ƙarshe ta Guntu ita ce “alƙalbu”, watau zuciya. Shekara 130 da 'yan kai ke nan tana jira. Na ɗauki hoton warƙar nan da wayata, gaba da baya, na yi sallama.

Da na sauka Faris cikin watan Nuwamba, sanyi ya fara, rana kuwa ba ta fitowa sai ta ga dama. Ran da na sami sarari na tambayi wani ɗan'uwan karatuna ina ne babban ɗakin karatu na ƙasa. Ya kwatanta mini, ban ƙara tambaya ba, na kama hanya. Ashe gida biyu ne manya, ni kuwa na nufi wanda ba shi ba.

Amma ban yi da-na-sanin wannan ɓatan kai ba, don na ga abin mamaki. Sabon gidan yana bakin kogin Sen. Shugaba Faransuwa Miteran ne ya yi shelar za a gina shi cikin 1988, aka buɗe wa jama'a cikin Disamba 1996, sunansa kuma aka sa masa. Dogayen benaye huɗu ne na gilashi, kowane tsawonsa kusan mita 80, an tsai da su a kusurwa huɗu, kowane an yi shi da siffar littafi buɗaɗɗe a tsaye. Tsakaninsu wani makeken dandali ne shimfiɗe da katako. Da na leƙa tsakiyar dandalin sai na ga rami mai faɗi, cike da dogayen itatuwa, kurmi sosai a tsakiyar birni, an kewaye shi da gilashi. Ɗakunan karatu suna ƙasa kewaye da kurmin nan, littattafai da yawa kuwa suna sama cikin benaye. In mai karatu ya nemi littafi, waɗansu 'yan akwatuna ne masu bin dogo a rataye ke sauko da shi. Na daɗe tsaye ina kallo, iska tana kaɗa mini riga, na ce a raina, mutanen nan sun ɗauki littafi sun kai sama, su kuwa sun sauka ƙasa. Kai, ko banza sun san girman abin!

Wani ma'aikaci da na nuna wa takardata ya yi murmushi, ya ce rubuce-rubucen hannu ba nan su ke ba, suna tsohon gida, titin Rishiliye. Ya rubuta mini hanya. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 14, wanda ba shi da direba, yana tafiya shi kaɗai kamar aljani ke tura shi, ban daɗe ba na sauka, na ƙarasa da ƙafa.

A cikin jirgin nan na yi ta tunanin yadda aka yi suka tara wannan dukiya, wadda a yau, in an haɗa littattafai da jaridu da taswira da hotuna da tsabar kuɗin dā, ta haura miliyan 40. Asalinta ɗakin littattafan sarakunansu ne. Amma abin da ya sa ta yi ta haihuwa wata doka ce da Sarki Faransuwa na Ɗaya ya kafa cikin 1537, cewa duk wanda ya buga littafi a ƙasarsa lalle ya kawo guda a ajiye. Sarauta ta faɗi, jamhuriya ta zo, aka yi yaƙe-yaƙe, ban da ɗan yankewa kaɗan zamanin juyin mulkinsu dokar nan tana aiki. Ku duba fa, kusan shekara 500 ana zuba hatsi cikin rumbu ɗaya, ba a ɗiba a sayar. Na tuna yadda mu ke yi. Malami ya rasu, a zo rabon gado, a kasa littattafansa kashi-kashi kamar goro, wannan ya ɗauki farkon littafi, wancan ya ɗauki ƙarshe. Wanda ya gāda bai iya karantawa ba, sai ya jefa a buhu a ɗakin da ke yoyo, gara ta gama da sauran. Wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba, ba na kuwa ɗora wa kowa laifinsa sai mu.

Tsohon gidan wani fasali ne dabam. Dā fadar wani babban waziri ce, Kadinal Mazaran, aka maido da littattafan sarki nan cikin 1721. An yi shekaru fiye da goma ana gyaransa, aka sake buɗe shi gaba ɗaya cikin Satumba 2022. A ƙasa akwai wani babban ɗaki mai siffar ƙwai, rufinsa na gilashi, bango duk littattafai tun daga ƙasa har sama. Wannan kowa ya ga dama ya shiga, ba kuɗi ba takarda. Na ga tsofaffi na karatun jarida, na ga yara ƙanana kwance rub da ciki suna duban littattafan zane, ba mai korarsu. Abin nan ya ba ni sha'awa ƙwarai.

Amma ɗakin rubuce-rubucen hannu ba a faɗa masa haka kawai. Sai da na zauna gaban wata ma'aikaciya, na nuna fasfo da takardar makarantata, na bayyana abin da na ke nema da dalilin nemansa. Faransancina gurgu ne, nata Ingilishi kuwa ya fi nawa, da haka muka lallaɓa. Aka ɗauki hotona aka ba ni kati. Jaka da babbar rigar sanyi a bar su cikin akwati a ƙasa. Ba a shiga da ruwa ko abinci, ba a shiga da alƙalamin tawada ko wane iri, sai fensir. Akwai kuma iyakar kundin da za a kawo wa mutum a yini. Wanda aka riga aka ɗauki hotonsa, hoton za a fara ba ka, ba a fito da na ainihi sai ka faɗi hujja. Da fari na ji kamar an tsananta. Daga baya na ga in da haka mu ke yi wa Guntu, da gefen warƙoƙinsa bai zama kamar ɓera ya ci ba.

Kwana uku na fara yi ina duban hotuna a kwamfuta. Da yawa daga littattafan Segu an sa su a intanet, a wani rumbu nasu da a ke kira Gallica, wanda aka buɗe tun 1997, ko daga Haɗeja mutum na iya gani in yana da waya mai kyau. Jagorana kuwa wani littafi ne da malamai uku suka wallafa cikin 1985, suka bi kundin nan ɗaya ɗaya suna rubuta abin da ke ciki, da sunan mawallafi da lambar warƙa. Allah ya saka musu. Ba domin su ba, da sai in shekara ban san inda na dosa ba. Na fitar da duk inda aka ambaci Malam Abdullahi, da duk inda aka ce ga waɗansu warƙoƙi ba kai ba gindi. Amma hotunan da na tarar baƙi da fari ne, jar tawada da baƙa duk ɗaya su ke fita, ni kuwa da ja na ke gane hannun mai Guntu. Na faɗi wannan hujja, aka karɓa.

Ran da aka kawo mini kundi na farko ba zan manta da ita ba. Ɗakin yana bene, dogo, bangonsa duk katako mai duhu, shiru kamar maƙabarta. Aka ajiye mini wani ɗan matashi mai laushi, aka ɗora kundin a kai, aka ba ni wata igiya mai nauyi ta danne shafi. Daga waje littafin Turawa ne sosai, ɗinkakke, da bango mai ƙarfi da lamba a gadon baya. Da na buɗe sai ga rubutun gida. Ga baƙaƙen nan masu kauri irin na allo, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, ga jan wasali, ga hashiya ta bi gefe ta karkace. Na ɗaga warƙa ɗaya wajen haske da hankali, sai ga tambarin wata uku a cikin jikin takardar, irin takardar Italiya da fatake ke ketowa Sahara da ita, ita ce kuma takardar Guntu. A kusurwa ga jan hatimin ɗakin karatu. Jama'a, na ji abin da mutum kan ji in ya tarar da ɗan garinsu a wata ƙasa mai nisa, sanye da tufafin mutanen wurin, ya ƙoshi, ya yi fes, amma ba mai yi masa magana da harshensa.

A nan na yi abin kunya har sau biyu. Na farko, da na zo juya shafi sai hannuna ya nufi bakina, yadda muka saba lasar yatsa. Allah ya taimake ni na farga tun bai isa ba, na mai da shi na sosa gemu. Na biyu kuwa ban farga ba. Karatu ya yi daɗi, ashe na fara rangaji gaba da baya, murya kuma tana fita, irin ta almajiri gaban wuta. Sai na ji an taɓa teburina. Mai lura da ɗakin ce, ta sa yatsa a leɓe tana murmushi. Na duba, Turawa wajen shida sun ɗago kai suna kallona. Na sunkuyar da kai. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, gidansu ne, ƙa'idarsu ce. Amma na ce a zuci, littafin nan fa don a ji shi aka rubuta shi, watakila kuwa rabonsa da jin muryar mai karatu tun Segu.

Aikin ya fi yadda na zata wuya. Da littattafan nan suka iso Faris sake su ke, yadda muka saba. Masu ɗinki suka ɗinke su kundi-kundi don kada su watse. Niyyar kirki ce, ta kuwa tsare su, amma warƙoƙin da suka sha kwasa da ɗauri da tafiyar teku sun riga sun cuɗanya. Saboda haka sai ka ga kundi guda ya ƙunshi abu ashirin: ga fiƙihu, ga nahawu, ga waƙar yabon Annabi, ga wasiƙa, ga fatawa, nan da can ga ɗan ajamin Fulatanci. Kana cikin bin magana sai kalmar jira ta ce abu kaza ke zuwa, ka juya ka tarar da wani littafi dabam. Abin da ya rabu a gafaka ana iya mai da shi wurinsa da hannu. Abin da aka ɗinke kuwa ya zauna ke nan. Na lura ba Guntu kaɗai ke neman wutsiyarsa ba, gundaye ne can birjik.

Wata rana da azahar na fito tsakar gida shan iska, na haɗu da wani saurayi mutumin Mali, shi ma kundin Segu ya ke dubawa don digirinsa. Muka gaisa da Larabci. Da na ba shi labarina sai ya hasala, ya ce ganima ce aka kwasa da bakin bindiga, kamata ya yi a mai da su duka gobe. Ya ce ai cikin 2019 an miƙa wa Senegal wani takobi da a ke jingina wa Alhaji Umaru, to me ya sa takobi ya koma, littafi bai koma ba, alhali mai su da littafi ya fi alfahari? Na ce masa maganarsa tana kan hanya. Na tambaye shi, in an tashi mayarwa, ina za a kai, Segu, ko Futa, ko Bandiyagara, ko kuwa a ba mu namu kason a Haɗeja? Ya yi dariya ya ce wannan rigimarmu ce ta cikin gida, ba ta hana ɓarawo mai da kaya.

Na daɗe ina juya maganar nan. Ni dai ga inda na tsaya. Ɗaukar da aka yi ƙwace ce, adanawar da aka yi kuwa adanawa ce ta gaske, ɗaya ba ta shafe ɗaya. Wanda ya ƙwace maka saniya ya kiwata ta da kyau, ka gode wa kiwon in kana da adalci, amma saniya ba ta zama tasa ba. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne, cikin makonnin da na yi ina zuwa, ban ga masu neman kundin nan ba sai mu biyu. Jikokin masu su ba su da kuɗin jirgi da biza, waɗanda ke kusa da su kuwa kaɗan ne ke iya karanta su. Hotunan ma da aka sa a intanet kyauta, malamai nawa ne a zaurukanmu suka san da su? Ni kaina sai da na je Faris na sani.

Sauran kwana huɗu in bar zuwa, na riga na fid da rai. Na sami kwafe biyu na littafinmu, duka cikakku, amma hannu dabam, ba mai kama da namu. Warƙar da ta fara da “alƙalbu” ita kaɗai, sake, ban gan ta ba. Ran nan da la'asar ina juya wani kundi na tarkace, don dai in cika alkawari, sai idona ya faɗa kan waɗansu warƙoƙi shida na wata waƙar nahawu. Gabana ya faɗi. Mai Guntu yana da wata ɗabi'a: in ya kai ƙarshen magana ya kan yi ɗigo uku da ja, biyu a ƙasa ɗaya a sama, sa'an nan ya ja musu 'yar wutsiya ta hagu. Ɗigo uku kowa na yi, wutsiyar ce ban taɓa gani wajen wani ba. Ga ta nan kuwa, shafi bayan shafi. Na fito da hoton da ke wayata na ajiye gefe. Kaf ɗinsa mai dogon wuya, iri ɗaya. Yadda ya ke matse kalma in layi ya ƙare masa, iri ɗaya. Na ƙirga layuka, a nan 15, a Guntu 15.

Hannuna na rawa na juya zuwa warƙa ta shida, ina addu'a in tarar da suna. Babu. Ita ma waƙar guntuwa ce, ta yanke, da kalmarta a kusurwa tana jira, bayanta kuwa wata wasiƙa ce ta wani mutum dabam.

Na zauna har aka fara karɓar littattafai. Na san almajiran malami guda su kan ɗauki hannu guda, har a kasa rarrabe su. Watakila kakan Baffa ne, watakila abokin karatunsa ne da suka zauna buzu ɗaya, watakila malaminsu. Na kwafe layukan farko da fensir, na zana ɗigon nan uku da wutsiyarsu yadda na iya, na rubuta lambar kundi da ta warƙa, na mai da musu abinsu.

A jirgin komowa Shaiɗan ya yi ta raɗa mini, wai tsoho ne, ba ya gani, in na ce na ga sunan kakansa wa zai ƙaryata ni? Zai yi murna ya mutu da ita. Har na shirya yadda zan faɗa. Amma da na shiga zaure na durƙusa, ya shafa kaina ya ce, “Ɗana, ka gano?” sai na ji bakina ya ƙi. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ban sami wutsiyar Guntu ba.” Na kwashe labari duka na faɗa masa, da benaye huɗu, da ɗinkin da aka yi, da warƙa shida, da ɗigo uku. Ya sa na kama yatsansa na zana masa wutsiyar a tafin hannu. Ya ce, “Ta hagu?” Na ce, “Ta hagu.” Ya yi shiru.

Can ya ce, “Gara ba ta taɓa su ba?” Na ce ko kaɗan, ɗakin ma ana auna sanyinsa da danshinsa. Ya ce, “Madalla. To, ana karanta su?” Na ce ana yi, jefi-jefi. Ya ce, “Wa ke biya wa wa?” Na ce ba mai biya wa kowa, kowa shi kaɗai ya ke zama, ba a kuwa yarda a ɗaga murya ba. Na ba shi labarin yadda aka sa mini yatsa a leɓe. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Kai ma da rangajinka!”

Sa'an nan ya ce in sauko da gafaka. Na kwance tsirkiya, na ɗauke tadarishi. Ya sa aka kira yara biyu daga cikin gida, jikokinsa, suka zauna. Ya ce in fara daga farko, da ƙarfi. Na yi ta karantawa yana fassara musu da Hausa, yana gyara mini wasali da ka, har aka kira magariba muna warƙa ta tara. Ya ce in sa tsinke a wurin, gobe bayan asuba mu ɗora. Takardar da na kwafo da fensir kuwa ya karɓa ya shafa, ya ce in sa ta can ƙarƙashin warƙa ta 31 kafin in ɗaure.